Amsoshin Wasiƙunku: Shingen Da Zai Tsare Doki, Ya Kuma Hana Kare

A wannan mako wasiƙu uku muka tarar a akwatinmu, dukkansu a kan magana ɗaya suke, saboda haka muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya. Ga ta farko, daga wani mai sauraronmu da ke wani ƙauye kusa da Kazaure a Jihar Jigawa.

TAMBAYA: Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina da goɗiya mai ciki, da wani ɗan kuru da yara ke hawa. Na gaji da turke da dabaibayi, ina so in kewaye filin da ke bayan gidana in riƙa sakinsu. Damuwata ita ce karnukan gari, da na 'yan farauta da ke ratsawa da rani. Wani mai shago ya ce in sayi waya mai ƙaya, ita ce mai araha. Don Allah ku ba ni shawara.

AMSA: To, Malam, mun gode da wannan tambaya, Allah ya sauki goɗiya lafiya. Ka yi dabara da ka tambaya tun kuɗinka na aljihu. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, aiki biyu kake nema daga shinge ɗaya, kuma kowanne da wurinsa. Doki ta sama ake tsare shi, kare kuwa ta ƙasa ake hana shi. Doki yana bukatar shingen da zai hango tun daga nesa, mai tsawo, wanda in ya goga jikinsa ba zai yanke shi ba. Shi kuwa kare ba ruwansa da kyan shinge, 'yar kafa yake nema, ko wurin da zai tona ya kutsa. Duk shingen da aka kawo maka, sai ka auna shi da waɗannan abubuwa biyu.

WAYA MAI ƘAYA

Bari mu fara da shawarar mai shago. Ita waya mai ƙaya a Amurka ta yaɗu, bayan da wani manomi mai suna Joseph Glidden na jihar Ilinoi ya yi rajistar irin tasa a 1874, kuma domin shanu aka fi amfani da ita. Saniya tana da kaurin fata, ga sanyin hali. In ƙaya ta soke ta, sai ta ja da baya ta ci gaba da kiwonta. Doki ba haka Allah ya yi shi ba. Fatarsa ba ta kai ta saniya kauri ba, kuma abin da ya sani in ya firgita shi ne gudu. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma siririyar waya tana ɓace masa, musamman da almuru ko kuwa yana cikin gudu.

Ka ga ke nan, ranar da kare ya biyo shi, kan waya zai faɗa. In kuwa ƙafarsa ta sarƙe, ba zai tsaya a kwance shi ba, fizga zai yi ta yi, waya na yanka kamar zarto. Daga gwiwa zuwa kofato doki ba shi da wani nama, fata ce da jijiya da ƙashi. Rauni a wurin yana da wuyar warkewa, sau da yawa ma nama yakan tsiro ya hana miki rufewa. In jijiya ta tsinke, to hawa ya ƙare, ko da dokin ya rayu. Bugu da ƙari, doki yana cikin dabbobin da ciwon tetanas ya fi saurin kamawa, wato ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta miki take shiga, kuma yawancin dawakin da suka kamu ba su tashi.

Abin takaicin kuma, bayan duk wannan hatsari, kare ta tsakanin layukan wayar zai wuce abinsa. Wato ba ta tsare maka doki lafiya ba, ba ta kuma hana kare ba. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Ka bar ta a shago.

DANGA, ZANA DA ƘAYA

Dangar kara da zana suna da sauƙi, ba su kuma yanka doki. Sai dai ka sani, ga doki danga abinci ce. Zai riƙa zarar kara ɗaya bayan ɗaya har ya buɗe wa kansa ƙofa, kare kuwa da ƙirji zai ture ta. Ga gara, ga tsoron gobara da hunturu. Amfaninsu shi ne tare iska da rana a gefe ɗaya, amma ba su isa a dogara da su ba.

Shingen ƙaya na magarya ko bagaruwa yana hana kare in an cika shi sosai. Amma kada ya zama shi ne doki ke gogawa. Ƙaya tana tsone ido, in ta bushe kuma takan karye ta zuba ƙasa, doki ya taka, ta shige tafin kofato inda ba a gani sai ya fara ɗingishi. In za ka yi amfani da ita, ka jera ta daga waje, ka bar tazarar ƙafa 4 ko 5 tsakaninta da ainihin shingen.

KATANGA

Wani abin da mutane ke rainawa, alhali kuwa yana cikin mafi kyau, shi ne katangar ƙasa irin ta iyaye da kakanni. Doki yana ganinta sarai, ba inda kofato zai maƙale, kare kuma ba ya huda ta. In kana da ƙasar gini kusa da masu taya ka aiki, katanga mai tsawon ƙafa 5 zuwa 6 ta biya bukata. Sharuɗɗanta uku ne. Na ɗaya, kada a dasa fasassun kwalabe a kanta, domin doki yana son ɗora wuya ya leƙa waje. Na biyu, rariyar da aka bari don ruwa ya fita, ita ce ƙofar kare, sai a gitta mata rodi ko raga mai ƙarfi. Na uku, a riƙa yi mata yaɓe kafin damina, a kuma duba gindinta bayan kowane ruwa mai yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

RAGAR WAYA

In filin yana da girma, ko kuwa kana son iska ta riƙa ratsawa, to ragar waya ita ce amsa, amma ba kowace iri ba. Sirrin yana ga girman ido. Ka nemi wadda idonta bai wuce inci 2 a faɗi da inci 4 a tsaye ba. Da haka ko kofaton ɗan dukushi ba zai shiga ba, kare kuma, ko ɗan kwikwiyo ne, ba zai sami wurin tura kai ba. Ka tafi shago da awonka. In babu abin awo, gwada da yatsu: idon da yatsunka uku suka cika faɗinsa ya yi daidai, wanda dunƙulen hannunka ya shige kuwa, kofato ma zai shige.

Ragar da ake kewaye tumaki da ita, mai manyan idanu, tarko ce ga doki. Zai kai shuri, ƙafa ta wuce, ta ƙi dawowa. Ragar kaji kuma ba ta da ƙarfi, doki zai yage ta, tsinin ya koma makami, kare ma yana iya ɓarke ta da haƙori. Ita kuwa irin wadda ake kewaye makarantu da filayen wasa da ita, tana hana kare, kuma in ita kaɗai ka samu za ta yi, muddin ka ja ta ta yi tauri ka kuma rufe tsinin bakinta na sama da katako. In akwai zaɓi, saƙaƙƙiya ta fi wadda aka liƙa da walda, domin mai walda takan ɓalle a mahaɗa in doki ya harbe ta. A nemi kuma wadda aka yi wa farin ruwan da ke hana tsatsa.

TSAWO DA DIRKOKI

Yanzu sai maganar kuru. A wajen Turawa, duk dokin da bai wuce santimita 148 ba daga ƙasa zuwa kan kafaɗa, wato wajen ƙafa 4 da inci 10, to kuru ne. A nan yankinmu an san kuru a tsaunukan Filato, da kuma bakin kogin Logon tsakanin Chadi da Kamaru. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Kuru ya fi babban doki wayon shinge. Shi ne zai jingina ya yi ta susa har dirka ta karkace, shi ne zai durƙusa ya tura kai ta ƙasa don ciyawar da ke waje. Da shi kaɗai ne, da ƙafa 4 ta ishe shi. Amma tun da akwai goɗiya, ga kuma kare, ka yi ƙafa 5. Mai ingarma kuwa ya kai ƙafa 6, musamman in akwai goɗiyoyi a unguwa.

A can sama, sai ka bi shingen duka da katako mai faɗin inci 4 zuwa 6, ko gora mai kauri, ko bututun ƙarfe, ka shafa masa farar ƙasa ko farin fenti. Wannan layi shi ne doki zai hango ya ja birki, shi ne kuma zai hana raga lotsawa in ya ɗora wuya.

Dirkoki su zama masu tsawon ƙafa 8, a binne ƙafa 2 da rabi, in ƙasar jigawa ce a kai ƙafa 3. Tsakanin dirka da dirka kada ya wuce ƙafa 8. Ga misali: fili mai tsawon ƙafa 60 da faɗin ƙafa 40, kewayensa ƙafa 200 ne, ka ga dirkoki 25 ke nan, ban da na tokara a kusurwoyi da bakin ƙofa. Itacen da gara ba ta cika ci ba su ne kirya da azarar giginya, darbejiya ma ba laifi. Sai dai kafin ka sa gatari, ka nemi izinin malamin daji. Gindin da za a binne a babbaka shi ko a shafa masa maganin gara, amma kada a shafa baƙin mai a inda bakin doki ke kaiwa, don dawaki na gaigayar itace. Doki mai samun isasshiyar ciyawa da harawa da 'yar kanwa bai cika yin haka ba.

Raga da katako a buga su ta cikin fili, dirka tana baya. In doki ya jingina, kan dirka yake turawa, ba ƙusa yake zarewa ba. Duk wani tsinin ƙusa ko bakin waya a lanƙwasa shi ya kalli waje. Mai amfani da dirkar ƙarfe lalle ya rufe kanta, domin dokin da ya yi tsalle ya faɗa kan tsirarar rodi, sai dai a ce inna lillahi. Kusurwoyi kuma a gitta musu katako su zama kamar da'ira, don kada babba ya ritsa ƙarami a lungu.

GINDIN SHINGE

Nan ne aikin kare yake, kuma nan ne mafi yawan mutane ke sakaci. Kare yakan zo daidai gindin raga ne ya fara tono. Saboda haka sai ka samo ƙarin raga mai faɗin ƙafa 1 da rabi, ka ɗaure ta a gindin shingen, ka shimfiɗa ta a ƙasa ta waje kamar tabarma, sannan ka rufe da ƙasa da duwatsu ko marmara. In ya tona, raga zai tarar, kuma ba ya tunanin ja da baya ya fara daga nesa. Wasu sukan haƙa rami mai zurfin ƙafa 1 su binne gindin ragar a tsaye. Shi ma yana yi, sai dai ya fi wahala, tsatsa kuma ta fi saurin cin ta. Ko wanne ka zaɓa, kada shimfiɗar ta kasance ta cikin fili, inda doki zai tono ta da kofato.

Rufe gindi yana da wani amfanin ga mai goɗiya. Ɗan dukushi yana son kwanciya jikin shinge. In akwai sarari a ƙasa, birgima ɗaya zai yi ya tashi a waje, uwar tana ciki tana haniniya tana neman fasa shinge, shi kuma ga shi a hannun karnuka.

Ƙofa ma haka. Faɗinta ya kai ƙafa 4 in mutum da doki kaɗai za su bi, ƙafa 10 in amalanke zai shiga da harawa. A lulluɓe ta da irin ragar shingen, a zuba dakalin siminti ko a jera duwatsu a ƙarƙashinta, kada sararin ya wuce inci 2. Sakata ta kasance ta waje, domin kuru yana koyon zare ta da leɓe. Kada kuma a jingina tarin itace ko turmi ko buhuna a jikin shinge ta waje, tsani ne ka kafa wa kare.

SHINGE MAI RAI

Wasiƙa ta biyu daga Tasawa ta fito, a Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Mai ita yana tambaya ko zai iya dasa aguwa ko bini-da-zugu maimakon sayen waya. To, Malam, shinge mai rai abu ne mai kyau ga gona, amma a yi hattara da abin da bakin doki zai kai gare shi. 'Ya'yan bini-da-zugu guba ne. 'Ya'yan zurma sun fi su, kuma doki yana cikin dabbobin da suka fi rashin jure musu. Tumfafiya da tinya da kerana duk suna da farin ruwa mai ƙuna, aguwa ma ba a so ruwanta ya shiga ido. Da damina doki ba ya kula su, amma da bazara, in ciyawa ta ƙare, komi kore ya gani zai taɓa. In kana son itace mai rai, dashi yana kamawa daga reshe in an dasa shi gab da faɗuwar damina, amma shi ma yana da tsini, kuma gindinsa yana barin kafa. Wurinsa shi ne layi na biyu daga waje, yadda muka faɗa a kan ƙaya.

WUTAR LANTARKI

Ta uku daga wani ɗan kasuwa ce a Mangu, Jihar Filato. Ya ce ya ji ana sa wa shinge wuta, ko zai iya jawo waya daga gidansa? Alhaji, don girman Allah kada ka yi haka. Wutar gida in ta kama, riƙewa take yi, za ta kashe doki, za ta kashe yaron maƙwabci, kuma alhakin rai yana wuyanka a gaban hukuma da gaban Allah. Shingen lantarki na gaskiya da wata na'ura ta musamman yake aiki, mai batir ko farantin hasken rana, wadda ke sakin wuta ƙyas, kamar sau ɗaya a daƙiƙa, ta firgita dabba ba tare da ta yi mata lahani ba. Ko ita ma taimako ce kawai. Da rani in ƙasa ta bushe ƙarfinta yakan ragu, da damina kuma ciyawa na taɓa wayar ta shanye wutar.

IN KARE YA RIGA YA SHIGA

Ba shingen da za mu rantse maka kare ba zai taɓa ƙetarewa ba, don akwai masu hawa kamar kyanwa. Saboda haka a rage abin da ke jawo su. Goɗiya takan yi wajen wata 11 da ciki. In haihuwa ta matso, a riƙa kwana da ita a barga mai ƙyaure, in ta haihu kuma a binne mabiyiya da zurfi nesa da fili. Ɓarɓashin kofaton da aka yanke ma a kwashe, karnuka na son sa ƙwarai. Kada a zuba guba. Kaji da ungulu da karnukan da ba su ji ba su gani ba su za su ci, wani lokaci ma har yara su taɓa.

In kare ya ciji doki ko mutum, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Mutum a kai shi asibiti a ranar, doki kuma a kira likitan dabbobi. Ciwon haukan kare yana kama doki, yana iya ɗaukar makonni ko watanni bai nuna ba, in kuwa ya nuna babu magani. Dokin da aka ciza, in daga baya ya fara dalalar da miyau ko halinsa ya sauya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa. Masu karnuka su kai su allurar rigakafi tun suna wata 3, a kuma riƙa maimaitawa kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana cikin masu sarrafa wannan allura, sai a tambaya a asibitin dabbobi mafi kusa. In kun je, ku tambayi allurar tetanas ta dawaki.

Kafin ka haƙa ramin farko, ka kira maƙwabta da mai unguwa a tabbatar da iyaka, kada kuma ka toshe burtali. Ranar da za ka fara sakin dabbobin, da safe za ka yi, ka ja kowanne ka zagaya da shi jikin shingen ya gani, sannan ka tuɓe masa ragama, don tana iya maƙalewa a dirka. In kuɗi ba su isa ba, gara ƙaramin fili mai shingen kirki, baɗi in an sayar da amfanin gona a ƙara. Kowace safiya kuma a sa yaro ya bi shingen da ƙafa, ya duba sabon tono ko ƙusar da ta fito.

Jama'a, nan za mu dakata. Masu tambaya kan ciwon cikin doki da kuma ajiyar harawa, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da rubuto mana, a riƙa faɗin gari da irin dabbar da ake magana a kai. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyoyinmu. A huta lafiya.